Gyaran Muryar Gwaggo

Talata, 3 ga Muharram

Na sace wa Auwalu tsohon littafin awonsa. Rabinsa cike yake da faɗin kafaɗun mazan Gwammaja da tsayin wandunansu, sauran rabin ya zama nawa. A nan zan kira shi da sunansa, Auwalu, Auwalu, Auwalu, tunda takarda ba ta kai ƙara wajen dangin miji. Rubutun kuma a yi haƙuri da shi, allo kaɗai na yi, boko a waya na tsince shi.

Ikram ta shiɗe yau ma. Watanta shida da kwana huɗu. Sai ta buɗe baki za ta tsala ihu, ihun ya ƙi fitowa, leɓe ya yi baƙi, jiki ya sanƙare, sai an hura mata iska a fuska. Karo na uku ke nan tun bayan Babbar Sallah. 'Ya'yan mutane su yi kuka su gaji su yi barci. Tawa ƙuda ya sauka mata a hanci, sai unguwa ta sani.

Da yamma na laɓe a soro na yi muryar Ilu mai kayan miya. 'Yardada, yayar Auwalu da muke gida ɗaya, ta fito da kwano, mayafi a karkace, har bakin lungu tana neman tumatir. Da ta dawo ta ce, "Allah ya shirye ki, Sa'a. Uwa guda da ke."

Na ce amin.

Juma'a, 6 ga Muharram

Juma'a ranar Gwaggo ce. Daga Shahuci take tahowa bayan an sauko daga masallaci, kullum da ƙullin wani abu. Yau turaren hayaƙi ne da rubutu a gora. Yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu da Umma ta rasu, ita ta aurar da ni. Sunanta aka sa wa yarinyar, Hadiza, shi ya sa muke sakaya shi da Ikram. Ranar suna a gaban mata ta ce, "Na kama. Ranar da aka yaye ta, tawa ce." Aka rangaɗa guɗa. Ni ma na yi dariya. Me zan ce? 'Yar fari ce, ko kallonta na cika yi a gaban manya an ce ba ni da kunya.

Gwaggo ba ta sallama sai ta fara gyaran murya a soro. Sau biyu, na farko gajere, na biyu mai ja. Yau ina goye da Ikram ina tankaɗe ya sauka. Yarinya ta ƙwalla, ta shiɗe a bayana. Kafin a kwanto ta har idon 'Yardada ya kawo ruwa.

Gwaggo ta zauna ta gyara mayafi. Wai ba za ta zuba ido a lalata mata takwara ba. Wai na cika wasa, ban san riƙon ɗa ba. "Ai ta isa shan kunu. In watan Safar ya kama ba ta daina ba, da zanena zan zo in ɗauke ta. Kya riƙa zuwa kina ba ta nono da rana, Shahuci ba Makka ba ce."

Auwalu yana tsugunne yana gaishe ta. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Gwaggo." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ni kuwa na ce, "Gwaggo, ki haɗa da baban nata, shi ma akwai rigima." Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Saura kwana ashirin da 'yan kai.

Lahadi, 8 ga Muharram

Na ba Ikram rubutun, na turara mata hayaƙin. Ta yi atishawa uku, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Talata, 10 ga Muharram

Cika-ciki. 'Yardada ta fito da jelar ragon layya da ta adana, aka yi miya, kowa ya ci har ya kasa sunkuyawa.

Bayan la'asar ruwa ya ɓarke. Ina ƙarƙashin rumfa ina tura bokitai bakin indararo, Ikram a bayana, aka saki wata tsawa da ta sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ni dama ina son tsawa. Na waiga in ga yadda za a kwashe da mutuniyar. Barci take, baki a buɗe, yawu na zuba min a kafaɗa. Yarinyar da gyaran muryar tsohuwa ke shiɗar da ita!

Ban iya cin naman ba. 'Yardada ta ce ko wani cikin ne, na ce e, 'yan uku.

Ina shekara bakwai, rana irin ta yau, na ɗaga murfin tukunya na ɗauki tsoka ɗaya. Tana bakina na ji shi a bayana. Gajere, sannan mai ja. Gwaggo ba ta duka cikin fushi. Sai ta gama abin da take yi, ta wanke hannu, ta zaro igiyar guga daga ƙusa ta ninka biyu. Dokarta ɗaya ce: in kika yi kuka, an koma farko. "Haɗiye." Ba ta ɗaga murya. "Haɗiye shi." Sai in ɗauke numfashi in haɗiye, in ya taso in sake haɗiyewa. Ranar dai abin ya ƙi haɗiyuwa, ya fito min ta hanci kamar dariya. Ta tsaya tana kallona. Ba a koma farko ba.

Tun daga nan na gane hanya.

Yanzu kowa cewa yake Sa'a ba ta da damuwa, Sa'a ko gidan makoki ta shiga sai an toshe baki da mayafi. To.

Juma'a, 13 ga Muharram

Ina wanke-wanke, Ikram tana bayan 'Yardada. Aka yi gyaran murya a soro. Farantin tangaran ya suɓuce min ya tarwatse. Ikram kuwa tana tsotsar bakin mayafi, ko juyowa ba ta yi ba. Gwaggo ta shigo ta leƙa fuskarta, har murmushi yarinyar ta yi mata. Maciya amana.

Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? A bayan mutane lafiya lau."

Mutane. Wato ni ban shiga lissafinsu ba.

Na karɓe ta zan ba ta nono, Gwaggo na zaune tana bin hannuna da ido. Yarinya ta ƙi kamawa, ta gantsare, ta fara. Gwaggo ba ta ƙara cewa komai ba. Shirunta ya fi igiyarta iya aiki.

Lahadi, 15 ga Muharram

Na ce bari in gwada wani abu. Duk muryoyin da nake kwaikwaya babu wadda na iya kamar ta Gwaggo, shekara goma sha biyar ina biya ta. Na kwantar da Ikram a tabarma kusa da 'Yardada, na zagaya soro, na saki. Gajere, sannan mai ja.

'Yardada tana zaune ba ɗankwali tana tsintar shinkafa. Ta zabura ta jawo zanen Ikram ta rufe kai. "Maraba da Gwaggo, yau kuma Lahadi?" Na shigo ina jan ƙafa irin nata, hannu ɗaya a ƙugu. Ta jefe ni da silifa, ta ce sai ta gaya wa ƙaninta ya nemo min magani.

Ikram ta ƙyalƙyale da dariya, har da buga ƙafa. Na matso dab da kunnenta na sake yi. Ta kama min hanci.

Ba tsawa ba ce. Ba muryar ba ce. Ba ma Gwaggo ba ce, tunda murmushi take mata.

Saura wa?

Laraba, 18 ga Muharram

Asibiti, awo. Nas ɗin wata doguwa ce mai tabarau. Ta ce nauyinta lafiya, ƙirjinta lafiya, shiɗewar ma yara da yawa suna yi, takan wuce. Na ce, "Sista, ba ku da allurar haƙuri a yi mata biyu?" Matan da ke kan benci suka kwashe. Ita ko motsi bakinta bai yi ba.

Ta ce yaushe ta fi yi. Na ce ranar Juma'a. Ta ce me ake yi ranar Juma'a. Na ce sallah.

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta rage murya. "Ke wa ya riƙe ki?"

Ban san me ya kai ta nan ba. Na ce Gwaggona ce, mace mai tarbiyya, ga shaida nan a gabanki. Ta rufe katin. Abin da na riƙe a maganarta: wani yaron da saurin firgita ake haifarsa, ba laifin kowa ba ne. Amma ta sha gani a ɗakin nan, uwar da ta tashi cikin tsoro, ko ita ta manta jikinta ba ya mantawa. "Jariri kuma ba ya jin Hausa, jiki yake ji." Ta ce ba zargina take ba. Ta ce in ina son magana in dawo ranar da ba layi.

A adaidaita na yi muryarta, tabarau da yatsu, har wata mata ta ce in bari haka cikinta ya ƙulle.

Ba zargina take ba. Sannunta. Ban gaji ɗankunnen Umma ba, ban gaji ko kwanonta ba, fuskarta ma a hoto ɗaya na san ta. Ashe akwai gadon da aka ajiye min a jiki, shi kuma ba ya jiran a mutu kafin a raba.

Juma'a, 20 ga Muharram

Jiya na ba 'Yardada labarin nas a matsayin abin dariya. Ba ta yi ba. 'Ya'ya shida ta goya, ta ce bari gobe ta yi.

Yau da aka sauko daga masallaci ta zo bayana kamar za ta gyara min majanyi, ta zura tafin hannunta tsakanin bayana da cikin Ikram. Ta bar shi nan tana min hirar tsadar gawayi. Sai ga shi daga soro.

Abin da ya saba faruwa ya faru.

Bayan Gwaggo ta tafi ta same ni a madafi. "Sa'a, bayanki allo ya koma. Wallahi a hannuna na ji. Kuma kin ɗauke numfashi, ina ƙirgawa har goma sha biyu. Ke kika saki dariya, ita ta saki ihu. Wa zai iya kwanciya a kan allo?"

Na ce, "In allo ne, Yaya, sai a wanke a ba ta ta sha."

Ta ce, "Ai abin da take sha ke nan."

Ni mai bakin nan, na tsaya ina juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

Litinin, 23 ga Muharram

Tun hantsi Ikram take kuka. Na goya, na sauke, na ba nono, na yi rawa, na yi muryar akuya. 'Yardada ta tafi barka Goron Dutse, Auwalu yana shago. Tuwo na kamawa. Ban san lokacin da na ɗago ta saitin fuskata ba.

"Haɗiye."

A hankali na faɗa. Ba kwaikwayo nake ba. Amma muryar ba tawa ba ce.

Ta yi shiru. Leɓenta na rawa, hawaye tsaye a ido, ƙirjinta na ja sama-sama, tana kallona. Sai ta ɗan buɗe baki, wani abu kamar murmushi.

Da ta shiɗe da ya fi min sauƙi.

Na ajiye ta na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Babu abin da ya fito. Ko a can ɗin ma haɗiyewa na yi.

Ƙila Gwaggo ce da gaskiya. Ƙila gara a ɗauke ta daga hannuna. Amma a kai ta ina? Wajen mai asalin muryar?

Laraba, 25 ga Muharram

Auwalu ya dawo da 'yan riguna uku da ya ɗinka da ragowar atamfa. Wai don kada a kai ta Shahuci da tsofaffin kaya a ce mun gaza. Hannunsa na da kyau, ban hana shi ba. Har da aljihu ya sa wa ɗaya. Jaririya da aljihu, me za ta zuba, haƙoran da ba ta da su?

Na ce, "Kai ka yarda a ɗauke ta?"

Ya daɗe yana linke rigar. Wai shi ma ba ya so, amma yaya zai yi, matar da ta ba shi ni. "Kuma ai ita ta riƙe ki, ga ki nan lafiya, kullum cikin dariya."

Na juya masa baya na ɗaga riga. Shekara biyu da aure, ya san tabon nan, na taɓa ce masa daga bishiyar goba na faɗo. Na ce, "Gobar Shahuci ninki biyu ce, a ƙusa take fitowa." Na so ya zama abin dariya. Bai zama ba.

Na saki rigar. Sannan ya ce in na ce a'a shi ma a'a ne, amma ba zai riga ni ba, uwata ce, bakina ya kamata ta fara ji.

Bakina. Bakin da ya iya muryar kowa a Gwammaja, bai taɓa ce wa Gwaggo a'a da tasa ba.

Juma'a, 27 ga Muharram

Gwaggo ta aiko gwiwarta ta motsa, mu je mu. Na je.

Ta share lungun gado inda nake kwana da. Ta sa sabuwar 'yar katifa, gidan sauro mai ruwan hoda, kofi da cokali na roba. Komai tsaf. Igiyar guga na nan a ƙusarta, ko da yake rijiyar ta ƙafe tun kafin a yi min aure.

Ta karɓi Ikram tana mata wasa, "Takwara, takwara, kin kusa dawowa gida." Da gaske son ta take, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ni ma haka ta so ni. Ranar Sallah ita ke yi min kitso da hannunta, zazzaɓi ya kama ni ba ta runtsawa.

Can Ikram ta fara ƙananan kuka a cinyarta. Ina zaune daga baya ina kallo. Kafaɗun Gwaggo suka ɗaga. Wuyanta ya tsaya cak. Mayafinta ya daina motsi, na rantse ba ta numfashi. Na ƙirga kamar yadda 'Yardada ta yi, na kai tara. Sannan ta miƙo min ita da sauri. "Ungo, tsayar da ita. Ba na son kukan yaro."

'Ya'ya huɗu Gwaggo ta haifa, babu wanda ya kai yaye. Na san wannan tun ina ƙarama, kamar yadda na san launin ƙofar gidan, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ita ma riƙonta aka yi, wajen wata da ko sunanta ba ta kamawa.

Ban ji tausayinta ba. Kada in yi wa takarda ƙarya, na ji kaɗan. Amma abin da na gani shi ne: a gidan nan ba a kuka. Yarinyar da ƙuda ke sa ta ihu, wata nawa za ta yi kafin a zaro abin da ke ƙusa?

Da za mu tafi ta ce, "Juma'a mai zuwa." Na ce, "Allah ya kai mu, a tanadi auduga ta toshe kunne." Ta ce ban da shirme babu abin da na iya.

Lahadi, 29 ga Muharram

'Yardada ta ce mu yi gwaji. Ita za ta zama Gwaggo, ni in goyi Ikram in riƙa jan numfashi ina biya abin da na haddace a allo, kada in tsaya. Ta shiga soro ta yi gyaran murya kamar kaza ta haɗiyi ƙashi. Na ce, "Yaya, wannan ko ɓera ba zai tsorata ba." Muka yi ta dariya har ta zauna a dakali.

Aikin banza. Bayana ya san na gaske.

Na kuma shirya wata dabara. Na sayi kabewa daidai nauyin Ikram. Ranar Juma'a zan kai yarinya maƙwabta, in sa wa kabewa hula da rigar nan mai aljihu, in goya, in miƙa wa Gwaggo. Shekara goma za a yi ana ba da labarin a Gwammaja.

Talata, 1 ga Safar

An ga wata.

Juma'a, 4 ga Safar

Wannan kam sai na rubuta.

Da safe na sa wa kabewar hula. Ta yi kyau. Na tsaya ina kallonta, sai na ga yadda abin zai ƙare: za a yi dariya, Gwaggo ta ce Allah ya shirya, a aika maƙwabta a ɗauko yarinya, a tafi da ita. Kullum haka yake ƙarewa. Na cire hular na mayar da kabewa madafi. Na goyi 'yata.

Gajere, sannan mai ja.

Bayana ya yi abin da ya saba, duk karatun ya gudu. Ikram ta ƙwalla. Gwaggo ta shigo da sabon zanen goyo da majanyi, ta zauna, ta shimfiɗa shi a cinya. Auwalu ya biyo ta ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Kwanto min ita."

Dariyar ta taso, na ji ta har a haƙorana, ga maganar da zan haɗa da ita a shirye. Na datse baki na hana ta hanya. Sai abin da ke ƙarƙashinta ya fito. Ban san haka yake da muni ba. Kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Majina, hawaye, komai, a tsakar gida, a gaban miji da yayarsa.

Na ce, "Ba zan bayar ba."

"Me kika ce?"

"'Yata ce, Gwaggo. Ba zan bayar ba."

'Yardada ta kama baki. Gwaggo ta ce a kan 'yar fari nake wannan rashin kunyar? Ita da ta ci kashina da fitsarina, ubana ya ajiye ni da kaya a leda ya ce zai dawo ranar Juma'a, Juma'a nawa aka yi? Duk gaskiya ne. Ban musa ko ɗaya ba. Ina ta yi, Ikram na taya ni daga baya.

Na ga kafaɗunta sun ɗaga. Ta rage murya, irin ta da.

"Haɗiye."

Na ce, "Na ƙoshi, Gwaggo."

Ba wanda ya yi dariya. Karo na farko a rayuwata na faɗi magana mai kyau haka, ba wanda ya yi dariya.

Auwalu daga inda yake tsugunne ya ce: "Gwaggo, a yi haƙuri. A bar ta a nan." Ya cika alkawari, ko da yake kansa a ƙasa ya cika shi.

Ta linke zanenta gida huɗu, ta ɗora majanyi a kai, ta miƙe da gwiwar nan mai ciwo. Ba ta yarda kowa ya kama ta ba. A bakin soro ta ce, "Ba ki da uwa a Shahuci."

Sai da aka yi la'asar 'Yardada ta ce min, "Kin lura? Ta yi kuka kamar za ta tsaga gida, amma ba ta shiɗe ba." Ban lura ba. Ina fama da nawa.

Juma'a, 18 ga Safar

Juma'a biyu ba ta zo ba. Na aika mata funkaso, ya dawo ko murfin ba a ɗaga ba. Labari ya zaga, a gidan suna wata ta ce a gabana ɗan riƙo dama haka yake saka wa mutum. Na yi muryarta a raina kawai. Har yanzu in an sauko daga masallaci kunnena na soro, ban san ko tsoro ne ko jira ba. Ina tunanin gwiwar nan, wa ke shafa mata man zafi.

Kada a ce an warke. Ikram tana nan da halinta, ga haƙori yana tahowa. Jiya daga azahar har la'asar. Na juyo da ita ƙirjina na zauna a tabarma, na ce, "Yi abinki, Hajiya, babu mai komawa farko." Ta yi, ta yi, ta gaji. Ni ma na ɗan taya ta, ba da yawa ba.

Kabewar an yi miyar taushe da ita.

Ɗazu ina tuƙa tuwo, tana bayana tana barci, aka yi gyaran murya a soro. Sau biyu. Ashe wani Sule ne ya biyo Auwalu gida karɓar ɗinkinsa. Bayana ya ɗaure, ba zan ce bai ɗaure ba. Na dai saki numfashin kafin a kai uku. Ta ɗaga kai daga wannan kafaɗar ta mayar waccan, ta ci gaba da barcinta.

Ƙila haƙorin ne ya gajiyar da ita. Ban gaya wa kowa ba, ba abin faɗa ba ne.

Numfashinta na sauka min a wuya, ɗumi-ɗumi. Ban motsa ba har tuwon ya kama.